Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Wasannin Barkwanci: Ku Bar Mai In'ina Ya Ƙarasa Maganarsa

Assalamu alaikum.

Zuwa ga marubuta, furodusoshi, daraktoci da 'yan wasan barkwanci, da manajojin shirye-shirye na gidajen talabijin da ke sa wasanninsu, musamman ku na nan Kaduna. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya jama'a? Allah ya taimaka.

Da farko na so in bugo waya ne a ɗaya daga cikin filayen da kuke buɗe layi don jin ra'ayin masu kallo, sai na fasa. Ni mai in'ina ne. Na san yadda za ta kaya, don an sha yi mini: layi ya shiga, sallama ta maƙale mini a maƙogwaro, mai gabatarwa ya ce "halo, halo", ya ɗan jira, sannan ya ce "da alama wannan layin ba shi da kyau", ya ɗauki na gaba. Layi kuwa lafiyarsa lau, ni ne ban samu fitowa ba. Shi ya sa na ɗauko biro. A takarda babu mai ƙarasa mini magana, babu mai duba agogo.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada, na ba shekara 40 baya. Kada ku ɗauka ina cikin mutanen nan masu ɗaure fuska da ba sa son raha. Akwai 'yar talabijin a kan kanta a shagona, idan an kawo wuta ita ke ɗebe mana kewa ni da yaran shago, kuma a cikinku akwai wanda na taɓa yi wa dariya har na ɗinke bakin aljihun wani Alhaji ban sani ba. Mai kallonku ne ke magana.

Wata Asabar bayan sallar isha'i muna zaune a falo da iyali, ana kallon wani wasa. Ba zan faɗi sunan wasan ko na tashar ba, domin ba shi kaɗai ba ne, irinsa sun fi a ƙirga. Aka nuno yaron gida ya shigo a guje yana haki, zai gaya wa maigida wuta ta kama a kicin. Sai ya tsaya yana "wu-wu-wu-wu", yana zare ido, yana buga ƙafa, yana karkace baki kamar wanda ya tauna barkono. Maigida ya shiga canka: "Wuƙa? Wuya? Wuri? Wuni?" Aka sako ƙarar mota mai ƙin tashi. Can dai maigida ya ɗaka masa duka a ƙeya, kalmar ta faɗo, "wuta!", aka biyo da dariyar nan da kuke naɗewa ku ajiye don irin wannan wuri.

Ɗana mai shekara 9 yana zaune a kan tabarma da kwanon tuwonsa. Ni ya gado. Yayyensa mata suka fashe da dariya, sai dariyar ta tsinke a tsakiya, suka juyo suka dube shi. Wannan juyowar ce ba kwa gani daga inda kuke. Bai ce uffan ba. Ya ture kwanon, ya ce barci yake ji, tuwon ko rabi bai ci ba.

Ranar Litinin ya dawo daga makaranta da sabon suna, wai "Wuwu". Ranar Laraba uwarsa ta lura yana ta dafe ƙeya. Da ta matsa masa, ya ce 'yan ajinsu ne, duk lokacin da ya maƙale sai wani ya kai masa duka ta baya, wai suna taimaka masa maganar ta fito. Yaran nan ba mugaye ba ne. Wasunsu da zuciya ɗaya suke yi, sun ga an yi a talabijin kuma ya yi aiki. Ku kuka ba su maganin. Na je makarantar, malamin ajin ya tsawatar, Allah ya saka masa, duka ya tsaya. Suna dai bai tsaya ba. Yaron da ke ɗaga hannu a darasin lissafi yanzu ya koma bencin baya, ko ya san amsa sai ya ce bai sani ba, don "ban sani ba" ta fi saurin fita.

Abin da ake cusa wa yaro game da bakinsa ba ƙaramin abu ba ne. A 1939, a jihar Ayowa ta Amurka, wani malamin jami'a mai suna Wendell Johnson ya sa ɗalibarsa ta yi gwaji a kan marayu 22. Wasu daga cikinsu da ke magana lafiya lau aka riƙa gaya musu bakinsu na da matsala, kada su yi magana sai sun tabbata za su faɗe ta daidai. Cikin 'yan watanni yaran suka koma shiru-shiru, suna jin kunyar buɗe baki. Sai a 2001 jami'ar ta nemi gafara, a 2007 kuma jihar ta biya diyyar dala 925,000. Wancan gidan marayu ɗaya ne. Ku gida nawa kuke shiga a dare guda?

Bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki, don na lura ko kwaikwayon ma ba ku iya ba. Kullum maimaita harafi kuke yi, shi ma da ƙari. Akwai maimaitawar, gaskiya ne. Akwai jan sauti, inda "sannu" za ta tsaya a kan harafin farko tana huci. Amma wadda ta fi ciwo ita ce toshewa. Ka san kalmar sarai, tana kan harshenka, ka buɗe baki, iska ta tsaya cak. Duk telan da zare ya taɓa harɗe masa a ƙasan keke ya san wannan: ƙafa na takawa, allura ta ƙi motsi, kuma gwargwadon ƙarfin da ka sa gwargwadon yadda zaren zai ƙara cukurkuɗewa. Ƙifta idon da buga ƙafar da girgiza kan da kuke mayarwa rawa, dabaru ne da jiki ya koya wa kansa don ya ɓalle kalmar da ta maƙale. Ba hauka ba ne, kokawa ce.

Kuma duk wannan ɗan abin da ke fitowa fili ne. An ce daga kada garin nan ya samo sunansa. To duk wanda ya taɓa ganin kada a ruwa ya san ido da hanci kawai yake nunawa, gangar jikin tana ƙasa. Gangar jikin in'ina lissafi ne da ba ya ƙarewa. Tun kafin in buɗe baki na hango kalmar da za ta kayar da ni a can gaba, ina neman wadda zan musanya ta da ita. Na sha shan Lipton a wajen mai shayi alhali Bournvita raina yake so, don harafin farkonta ya ƙi ni a ranar. Na sha wuce inda zan sauka a motar haya tsakanin Kasuwa da Kawo saboda "akwai" ta ƙi fita, sai in jira wani ya tsayar da mota in bi bayansa in sauka, in dawo da ƙafa. Ranar da zan je gaishe da surukaina karo na farko, kwana 3 na yi ina bitar gaisuwa a gaban madubin shago. Kalma ɗaya ce ba ta musanyuwa, sunanka. Shi ya sa ya fi kowace kalma wahala. Idan ka tsaya a kansa, sai mai tambaya ya yi dariya ya ce, "Malam, ka manta sunanka ne?" Ba na jin akwai mai in'ina a ƙasar nan da ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba, kuma kowane mai yinta gani yake shi ya fara ƙirƙiro ta.

Akwai wata fitowa da kuke so ƙwarai: a nuna mai in'ina yana waƙa tiryan-tiryan, sai a kama shi a ce ashe ƙarya yake yi. Wannan jahilci ne. Sanannen abu ne cewa yawancinmu ba ma maƙalewa a waƙa, ko a karatun da ake yi baki ɗaya, ko in muna yi wa jariri wasa, ko in muna magana mu kaɗai. Ni a makarantar allo ba a taɓa jin harshena ya sarƙe a tilawa ba. Da an tashi, malam ya aike ni in kira wani, shi ke nan an shiga uku.

Kuma ba mu da kaɗan. Masu binciken harkar sun daɗe da gano cewa kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana in'ina, a kowace ƙasa, a kowane harshe. A cikin yara kusan 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, galibi takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma kusan kashi 3 cikin 4 nasu takan warware musu. Waɗanda ta zauna wa har girma, maza sun ninka mata kusan sau 4. Ku ɗora wannan a kan ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, za ku ga ana maganar mutum wajen miliyan 2. Duk Juma'a a masallacin Sultan Bello akwai mu a cikin sahu, duk Lahadi a majami'un Sabo da Barnawa akwai mu a kan benci. Ba ku san mu ba ne saboda mun iya shiru.

Ba tsoro ke kawo ta ba, ba cakulkulin da aka yi wa jariri ba ne, ba kuma alhakin kwaikwayon wani ba ne, kamar yadda ake tsorata yara. Abu ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin gaɓoɓin magana, kuma tana bin jini. A 2010 wani ayarin masu bincike a Amurka ƙarƙashin Dennis Drayna ya fitar da sakamakon da ya nuna wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki, bayan nazarin wasu iyalai a Pakistan. Ayarin nan ya kuma yi aiki da wani babban dangi a maƙwabciyarmu Kamaru, inda in'ina ta yi yawa a gida ɗaya. Ni ban buƙaci a gaya mini ba: ƙanen mahaifina yana yi, ina yi, ɗana yana yi. Ina ƙarami kakata, Allah ya jiƙanta, ta kai ni wajen wanzami aka yanke mini linzami. Na sha jini, na sha kuka, na dawo da in'inata cif. Ban riƙe ta a rai ba, iyakar saninta ke nan. Su ma Turawa sun yi wadda ta fi wannan muni: a 1841 wani likitan fiɗa a Jamus mai suna Dieffenbach yanko tsoka yake yi daga harshen masu in'ina. Harshe ba shi da laifi, a banza aka yi ta yankansa.

Yanzu ku duba irin rigar da kuke sa mana. Idan mai in'ina ya fito a wasanku, ɗayan huɗu ne: ko dolo, ko matsoraci, ko maƙaryaci, ko mai zafin zuciya da zai ɗauko taɓarya. Ta maƙaryacin ta fi yi mana illa, domin ta samu gindin zama a cikin harshenmu. Idan an ritsa mutum da tambaya ya rasa amsa, cewa ake yi "sai ya fara in'ina". Saboda haka duk inda ake tuhuma, mu ne masu laifi tun kafin a fara. An taɓa tsare ni a wani shinge da daddare ina dawowa daga kai ɗinkin sallah, aka tambaye ni daga ina, na maƙale, sai na ji an ce, "In ba ka da gaskiya dole ka yi in'ina." Awa guda na yi a gefen titi da buhun kayan mutane. Ta zafin zuciyar kuwa, kowa ya haddace ta, wai mai in'ina ba a wasa da shi. Ina roƙon mai wannan magana ya gwada kwana ɗaya tak: a katse shi sau 20, a ƙarasa masa magana da abin da ba shi yake nufi ba sau 10, yara su bi shi suna kwaikwayonsa, sannan da magariba mu zo mu auna haƙurinsa.

Ta dolon ba sai na ɓata tawada ba. Mahaifin Sarauniya Elizabeth, wadda aka yi wa hawan daba a garin nan a 1956, wato Sarki Joji na 6, mai in'ina ne, da ita ya yi wa ƙasarsa jawabi ta rediyo ranar da Ingila ta shiga yaƙin duniya na biyu a 1939. Joe Biden da ita ya tashi, har ya zama shugaban Amurka a 2021.

Na san amsar da za ku ba ni: ai wasa ne, Bahaushe kuma ya gaji wasa. Haka ne, mun gaje shi. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, jika da kaka, taubashi da taubashiya. Amma ku dubi ƙa'idar da ta riƙe duk waɗannan. Ana ramawa. Idan Babarbare ya ce wa Bafulatani bawansa, kafin ya rufe baki an mayar masa da wadda ta fi ta zafi, kowa ya yi dariya, a tashi ba wanda ya fi wani. Daɗin wasan a ramuwar yake. To da me mai in'ina zai rama? Da baki ake ramawa, bakin kuma shi ne abin da kuka mayar abin dariya. Duk ƙoƙarin da ya yi na mayar da martani sai ya zama ci gaban wasanku. Kun ƙwace wa mutum sanda sannan kun ce a zo a yi sharo. Ko 'yan kama da suka riga ku wannan sana'a, abin da suka fi shahara da shi tsiyar kwaɗayi da rowa da son banza ne, wato abin da mutum ya zaɓa da kansa, wanda in ya ji kunya zai iya bari. Ni ko na ji kunya shekara 40, da safe da in'inata zan tashi.

Abin ya fi yi mini ciwo da yake a Kaduna muke. A garin nan talabijin ya fara a Arewa, a 1962, zamanin Sardauna. A nan marigayi Ƙasimu Yero ya yi zamaninsa, a nan marigayi Usman Baba Pategi ya zama Samanja har sunan ya danne na yanka. Wani zai ce ai shi ma Samanja da salon magana yake ba da dariya, Hausar bariki ce gauraye da Turancin soja. Gaskiya ne. Amma waye Samanja a cikin wasan? Shi ne mai ba da oda, shi ne mai gida, wasan ma sunansa ya ci. Muna dariya muna kuma sonsa, har yara suna son su zama shi. Wane yaro ne ya taɓa kallon mai in'inar da kuke fitarwa ya ce yana son ya zama shi? Ko suna ba kwa ba shi. Shigowa yake yi, ya sha duka, ya fita.

Wannan lalaci ba ku kuka fara shi ba. Kamfanin Warner na Amurka ya fito da wani ɗan alade mai in'ina a zanen barkwancinsa a 1935. Mutumin da ya fara yi masa murya, Joe Dougherty, mai in'ina ne na gaske. Da aka ga naɗar muryarsa na cin lokaci da kuɗi, domin ba zai iya tsayar da ita inda ake so ba, sai aka sallame shi a 1937 aka ɗauko Mel Blanc, wanda ke magana lafiya lau, ya ci gaba da kwaikwaya. Ta gasken ba ta yi musu ba, ta jabun suke so, wadda ake kunnawa a kashe. Amma akwai wanda ya yi abin a zo a gani. Michael Palin, ɗan barkwancin Ingila, ya fito a matsayin mai in'ina a wani fim a 1988, masu in'ina da dama suka nuna ɓacin ransu. Bai ce musu wasa ne kawai ba. Mahaifinsa ma mai in'ina ne, ya san abin a gida. Ya saurare su, ya ba da sunansa da goyon bayansa, a 1993 aka buɗe cibiyar taimaka wa yara masu in'ina a Landan da sunansa, tana nan har yau.

Ku da ni mun san labarin da ya fi wannan tsufa. Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna, cikin abin da ya roƙi Ubangijinsa a Suratu Ɗaha akwai a warware masa ƙullin da ke harshensa don a fahimci maganarsa. A Suratul Ƙasas ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. 'Yan'uwanmu Kirista suna karanta irin wannan a Littafin Fitowa, sura ta 4, inda Musa ya ce shi mai nauyin baki ne. Wannan bai hana a zaɓe shi ba, kuma shi ne wanda Allah ya yi magana da shi. To wa ya yi masa gori da bakinsa? Ku buɗe Suratuz Zukhruf, aya ta 52. Fir'auna ne, a gaban jama'arsa, yake cewa ashe bai fi wannan wulaƙantaccen ba, wanda da ƙyar yake iya bayyana magana? Ya rasa hujja, sai ya koma kan harshe, don ya san taro zai yi dariya. Ni ba malami ba ne, ba kuma ina kiran kowa Fir'auna ba ne. Na dai ga ya kamata marubucin da zai sa wannan fitowa a takarda ya san sahun wa ya bi.

Kada ku fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a daina fito da mai in'ina ba, ba kuma cewa nake babu abin dariya a rayuwarmu ba. Akwai, har ya fi wanda kuke ƙirƙira. Wata rana wani baƙo ya shigo shagona da shadda a leda, ƙato, ya ce yana son a ɗinka masa "ka-ka-kaftani". Na ce masa, "Na-na-nawa ne yadin?" Sai mutumin nan ya ajiye leda, ya naɗe hannun riga. Ni kuma ganin haka sai na ƙara maƙalewa, ina son in ce masa ni ma haka nake, abin ya ƙi, shi kuwa gani yake ƙara masa nake yi. Sai da mai wankin hula na kusa da ni ya shigo da gudu yana rantsuwa, "Wallahi Alhaji shi ma haka yake, tun yana yaro!" Muka tsaya muna kallon juna, sannan muka fashe da dariya har da hawaye. Yau shekara 6 ke nan ni nake yi masa ɗinki, har na 'ya'yansa. Na ba ku wannan kyauta, ku sa a wasa. Mutane za su yi dariya, ɗana ma zai yi, domin mutum biyu ne a ciki masu sana'a da zuciya da mutunci, rashin fahimta ne abin dariyar. Haka maigidan nan mai "wuƙa, wuya, wuri": da marubucin ya ɗan yi tunani, ai shi ne wawan fitowar. Da ya rufe bakinsa na daƙiƙa 5 da ya ji "wuta", da kicin ɗinsa bai ƙone ba. Ku juya kyamarar ta kalle shi, ku ga in dariyar za ta ragu.

Wasu za su ce kasuwa ce ke so, in an yanko irin wannan fitowar an sa a TikTok ko Facebook ta fi tafiya. Na yarda tana tafiya, har wayar 'yan ajin ɗana ta je. Da can wasa in an nuna shi ya wuce, yanzu guntun minti ɗaya sai ya shekara yana yawo, ana tura wa mai in'ina da hannu a ce "ga ɗan'uwanka". Akwai doka. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, kuma kundin ƙa'idojin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ya hana a nuna su ta hanyar da za ta kunyata su ko iyalansu. Amma ni ba ƙara na kawo ba. Tara ba ta koya wa marubuci rubutu, kuma na fi son ku bari don kun gane.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Dukan ƙeyar nan, don girman Allah, ku cire shi gaba ɗaya, shi ne yake komawa makarantu a jikin yara. Ƙarar motar ma ta bi shi. In za ku sa mai in'ina, ku ba shi suna da sana'a da ra'ayi. Ya zama direba, ko malamin makaranta, ko saurayin da ya kayar da kowa ya samu yarinyar, in'inarsa tana nan kamar yadda wani ke da tsawo wani ke da sanƙo, ba ita ce labarin ba. Idan ya maƙale, abokin fitowarsa ya dube shi a ido ya jira, kada ya ƙarasa masa, kada ya ce "yi a hankali" ko "ja numfashi", don waɗannan ba sa ƙara mana komai sai nauyi. Yara miliyan nawa za su koyi wannan jiran daga fitowa ɗaya, kamar yadda suka koyi dukan? Kafin ku naɗa, ku nemi mai in'ina ɗaya ku karanta masa. Ba za ku sha wahalar nema ba, ku tambayi masu riƙe muku fitila da kyamara, da wuya a rasa. In bayanin masana kuke so, a garin nan Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take, inda ake duba matsalolin ji da na magana. Ku kuma manajoji, ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan in'ina ta duniya, tun 1998 ake yinta. Ku ware mana rabin awa, ku buɗe layi, ku gaya wa mai gabatarwa in ya ji shiru kada ya katse. Zan kira.

Kwanakin baya ina guga a shago, yaron nan yana zaune yana tsince mini zare, sai ya ce, da 'yar maƙalewarsa, "Baba, mutumin nan na talabijin, a gidansu ma haka yake magana?" Na ce masa a'a, lafiya lau yake magana, kwaikwayo ne. Ya yi shiru, ya naɗe zaren a yatsa, ya warware. Can ya ce, "To wa yake kwaikwaya?"

Na ce masa ya miƙo mini almakashi. Har yau ban ba shi amsa ba, na ce bari in tambaye ku.

Wassalam.

Naku,
Wani tela mai in'ina,
Tudun Wada, Kaduna.